Yadda Ake Shigar da Haƙƙin Mata Ma'aikata Cikin Kundin Ƙungiya da Yarjejeniyar Aiki

Duk lokacin da maganar mata a ƙungiyoyin ƙwadago ta taso, tambayar da ke biyo baya daga sakatarorin rassa da shugabannin mata kusan iri ɗaya ce: mun yarda da batun, amma ta ina ake farawa, kuma me ake rubutawa? Wannan jagora amsa ce ga masu wannan tambaya, kuma na gina ta a kan dokokin Najeriya domin a ƙarƙashinsu akasarin masu tambayar suke aiki. Takardu biyu ne suke ɗaure mutane a wannan harka, wato kundin tsarin mulkin ƙungiya da yarjejeniyar da aka sa wa hannu tare da masu ɗaukar aiki. Jawabin ranar mata ta duniya, 8 ga Maris, da ankon ranar ma'aikata, 1 ga Mayu, suna da daɗi, amma ba a kai su kotu. Saboda haka kowane mataki a ƙasa hanya ce ta isa ga ɗaya daga cikin takardun nan, kuma jerin da na bi yana da muhimmanci, domin reshen da ya tsallaka zuwa teburin tattaunawa kafin ya gyara gidansa yakan dawo hannu rabbana.

1. A fara da ƙidaya

Kayan aikin farko shi ne jerin sunayen waɗanda ake cire wa kuɗin ƙungiya daga albashi, wanda ke hannun ma'ajin reshe ko sashen kuɗi na wurin aiki. A zana jadawali a littafi ko a kwamfuta, a raba maza da mata a kowane matakin albashi da kowane sashe, sannan a ƙara layi uku: waɗanda aka yi wa ƙarin girma cikin shekaru uku da suka wuce, waɗanda aka tura kwas, da waɗanda ke karɓar alawus. A yi irin wannan ƙidaya ga ƙungiyar kanta, daga wakilan sassa zuwa kwamitin zartarwa da wakilan da aka tura babban taro na ƙarshe.

A aikin gwamnati tsarin albashi ɗaya ne ga maza da mata, don haka da wuya a ga bambanci a tushen albashi, kuma wannan ne hujjar da hukumar gudanarwa za ta fara kawowa. Inda giɓin yake ɓuya shi ne alawus na tafiye-tafiye, kuɗin ƙarin lokaci, riƙon muƙami, da shekarun da mace ke shafewa a mataki ɗaya alhali abokan shigarta sun wuce.

Gargaɗi: jerin masu biyan kuɗin ƙungiya ba ya ɗauke da ma'aikatan wucin gadi da waɗanda aka ɗauko ta hannun ɗan kwangila, kamar masu shara da masu wanki a asibiti da masu dafa abinci a makarantun kwana, kuma a wurare da yawa mata ne suka fi yawa a cikinsu. A ƙirga su da ƙafa, sashe bayan sashe. Kada kuma a liƙa suna kusa da albashi a takardar da za ta yi yawo. Adadi ya isa.

2. A saurari matan su kaɗai

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A kira zama na mata zalla, a cikin harabar wurin aiki, a lokacin aiki idan an samu izini, ko tsakanin azahar da la'asar. Taron da aka sa bayan magariba ko a ɗakin taro na otal ya riga ya tace mahalartansa, domin matar aure mai ɗauko yara daga Islamiyya ba za ta zo ba, kuma gobe za a ce an kira mata sun ƙi zuwa. Inda ake aikin karɓa-karɓa a yi zaman sau biyu ko uku don masu kwanan dare su samu shiga. Kuɗin wannan mataki bai wuce na ruwan sha da buga takardu da na motar waɗanda ke hutu a ranar ba, kuma daga asusun reshe ya kamata ya fito, ba daga karo-karon matan ba.

Tambayoyin su zama na zahiri. Nawa aka biya ki a hutun haihuwarki na ƙarshe? Da kika dawo, kin tarar da kujerarki? Ina kike shayarwa? Akwai banɗakin mata mai ƙofa da ruwa? Da me kike komawa gida idan an tashi ƙarfe goma na dare? Batun tsangwama da neman lalata kuwa ba a tambayarsa a bainar jama'a. A ajiye akwati da takarda marar suna. A ƙarshen zaman matan da kansu su zaɓi buƙatu uku ko huɗu da suka fi ƙona musu rai, su jera su bisa fifiko, domin takarda mai buƙatu ashirin tana ba ɗaya ɓangaren damar zaɓar mafi araha ya ce ya yi ƙoƙari.

Gargaɗi: shugaban reshe, komai kyawun niyyarsa, ya buɗe taro da addu'a ya fita. Sannan a kula da kalmomi. A arewa furucin "daidaiton jinsi" yakan tayar da muhawarar da ba ta da alaƙa da wurin aiki, kuma kowa ya ga yadda Majalisar Dattawa ta yi watsi da ƙudirin da ke ɗauke da wannan suna a 2016. Idan aka ce adalci a albashi, mutuncin ma'aikaciya, da haƙƙin mai jego, da wuya a samu mai jayayya a cikin mambobi, kuma abin da za a rubuta a yarjejeniya bai canja ba.

3. A gyara kundin ƙungiya

Hukumar gudanarwa tana da ido. Ƙungiyar da ta zo neman a ɗaga mata zuwa manyan muƙamai alhali kwamitin zartarwarta maza ne zalla za a yi mata dariya, kuma da gaskiyar mai dariyar. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Akwai madogara a cikin gida: tun 2003 Ƙungiyar Ƙwadago ta Najeriya, NLC, ta amince da manufar da ta sa burin kashi 30 cikin 100 na wakilcin mata a shugabanci, ta kuma kafa hukumar mata ta ƙasa. Aikin reshe shi ne mayar da wannan buri ya zama sashe a kundi.

A rubuta ƙudirin gyara mai ɗauke da abubuwa huɗu. Na farko, adadin kujerun da mata ba za su gaza ba a kwamitin zartarwa da cikin wakilan babban taro, tare da abin da zai faru idan ba a cika ba, misali a ƙi tantance tawagar reshen har sai ta gyara. Na biyu, shugabar kwamitin mata ta zama cikakkiyar mamba mai ƙuri'a, wadda mata suka zaɓa, ba wadda shugaba ya naɗa ba. Na uku, wani kaso tabbatacce na kuɗin shiga da za a ware wa kwamitin, a rubuta shi da lamba. Na huɗu, hanyar kai ƙarar cin zarafi a cikin ƙungiyar kanta, domin wani lokaci wanda ake kuka da shi kwamared ne mai muƙami.

Gyaran kundi a babban taron wakilai ake yinsa, kuma kowace ƙungiya tana da wa'adin da ake miƙa ƙudiri kafin taron. A duba wa'adin tun da wuri, domin yawancin manyan taruka bayan shekaru uku ko huɗu suke zagayowa, kuma wanda ya makara da mako ɗaya ya makara da zango guda. Bayan an amince, sakatariyar ƙasa ta kai gyaran ga Magatakardan Ƙungiyoyin Ƙwadago a Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a yi masa rajista. Kafin lokacin, reshe na iya zartar da irin wannan a matsayin ƙudirin taronsa, ya fara aiki da shi.

Gargaɗi: kuskuren da na fi gani shi ne a ƙirƙiri kujerar shugabar mata, a miƙa mata rabon abinci da zaɓen anko da gaisuwar mutuwa, a ce an cika sharaɗi. Na biyunsa shi ne a tara mata a kujerun mataimaka da masu binciken kuɗi, a bar shugaba da sakatare yadda suke. A rubuta cewa aƙalla ɗaya daga cikin manyan kujerun da ke sa hannu a takarda da cak za ta kasance ta mace.

4. A sa mata cikin tawagar tattaunawa

Mace ɗaya a cikin maza goma takan zama shaida kawai, don haka a fara da biyu ko fiye, kuma ɗayarsu ta fito daga ƙananan matakai. A ba su horo kan karanta kasafin kuɗi da dabarun ciniki kafin zama; Cibiyar Nazarin Ƙwadago ta Michael Imoudu da ke Ilorin tana irin waɗannan kwasa-kwasai, kuma idan kuɗin tafiya ya yi nauyi, a gayyato tsohon sakataren jiha ya yi musu kwana biyu a gida. A sa kuɗin mota da masauki da na mai raino a kasafin tawaga, domin mai goyo ba za ta bar jariri a Gusau ta kwana uku a Abuja ba. Tun a zaman farko, lokacin da ake shata ƙa'idojin tattaunawa, a nemi a rubuta lokacin tashi, kuma a amince cewa ba a yanke hukunci a wani zaman gefe da ba a kira dukan tawaga ba.

5. A san inda doka ta tsaya

Abin da doka ta riga ta bayar ba a cinikinsa, daga kansa ake ɗorawa. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya ba mace makonni shida kafin haihuwa da shida bayanta, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata shida a aikin, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa, ya kuma hana ba ta takardar sallama a lokacin hutun. Gwamnatin tarayya tana ba ma'aikatanta abin da bai gaza makonni 16 ba da cikakken albashi, ta kuma amince da hutun kwana 14 ga mazan da matansu suka haihu a 2021. Legas ta kai hutun haihuwa wata shida a 2014, Kaduna ta bi sahu a 2019. Misalin Kaduna ya fi amfani ga mai ciniki a arewa, domin ba za a ce masa wannan al'adar wasu ce ba.

Daga waje, Najeriya ta rattaba hannu kan yarjejeniyoyin Hukumar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 100 kan biya ɗaya ga aiki mai daraja ɗaya, da 111 kan hana wariya, da 190 kan cin zarafi da tsangwama a wurin aiki, wadda ta amince da ita a 2022. Sashe na 254C na kundin tsarin mulkin ƙasa ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin sauraron ƙararrakin wariya da neman lalata a wurin aiki, da yin aiki da yarjejeniyoyin ƙwadago da ƙasar ta amince da su. A buga waɗannan sassa a takarda ɗaya, kowane ɗan tawaga ya riƙe kwafi.

Gargaɗi: yarjejeniya mai lamba 183, wadda ta sa makonni 14 a matsayin mafi ƙaranci, Najeriya ba ta amince da ita ba, don haka a kawo ta a matsayin ma'auni kawai, kada a ce doka ce, lauyan kamfani zai kama kuskuren nan take. Sashe na 55 kuma, wanda ya taƙaita aikin dare ga mata a masana'antu, wasu na fakewa da shi su hana mata sassan da ke da alawus mai tsoka. A tanadi amsa kafin a je.

6. A rubuta sassan da hannun ƙungiya

Wanda ya zo da rubutaccen daftari shi ke jan ragamar zama. Kowane sashe ya amsa tambayoyi huɗu: wa ya cancanta, nawa ko kwana nawa, wa zai aiwatar, kuma me zai biyo baya idan aka saɓa. Kalmomi irin su "za a yi ƙoƙari" da "gwargwadon hali" da "bisa ganin damar hukuma" a soke su duk inda suka fito.

A sashen hutun haihuwa, tsawon hutu rabin magana ne. A rubuta cewa da cikakken albashi da alawus ne, domin rabin albashi yana rage har abin da ke shiga asusun fansho, inda mai ɗaukar aiki ke zuba kashi 10 ma'aikaci kuma kashi 8. A rubuta cewa hutun shekara yana nan daram ba a haɗe shi ciki ba, cewa za ta koma kujerarta ko makamanciyarta, cewa watannin hutun suna cikin lissafin ƙarin girma, kuma idan jarrabawar ƙarin girma ta faɗo tana jego za a ba ta wata rana. A ambaci ɓari da haihuwar da jariri bai zo da rai ba, domin nan ne ake yawan cewa mace ta dawo aiki bayan mako ɗaya. A kuma ce haƙƙin na kowace ma'aikaciya ne, har da ta wucin gadi.

Akwai buƙatar da ba za a same ta a daftarin da aka kwafo daga wata ƙasa ba, ita ce takaba. Musulmar da mijinta ya rasu tana zaman wata huɗu da kwana goma, kuma inda ba a rubuta komai ba, makomarta tana hannun tausayin shugaban sashe. A nemi kwanakin hutu tabbatattu da albashi a farkon takabar, da sassaucin dawowa gida kafin dare a sauran kwanakin, sannan a rubuta hutun rasuwar miji ko mata ga kowane ma'aikaci ko wane addini yake bi, don kada sashen ya raba kan mambobi. Hutun maza ma a sa shi, ya rufe kwanakin haihuwa zuwa suna. Adalci ne, kuma yana jawo ƙuri'ar maza ga dukan kunshin.

Sashen cin zarafi ya faɗi abin da ake nufi ƙarara, ya haɗa da saƙonnin waya, tafiyar aiki, motar ma'aikata, da abin da ke fitowa daga abokan hulɗa ko 'yan uwan majinyata. Ya buɗe ƙofar kai ƙara fiye da ɗaya don kada ƙorafi ya bi ta teburin wanda ake zargi, ya kafa kwamitin haɗin gwiwa mai mata a ciki, ya sa wa'adin bincike da kwanaki, ya tanadi sauraron wanda ake zargi, ya kuma hana ramuwa. Idan za a raba mutanen biyu kafin a gama bincike, kada mai ƙara ce za a ɗauke daga wurinta, domin canjin wurin aiki hukunci ne ko da an kira shi kariya.

Saura ƙananan sassa ne masu saurin samuwa: ɗakin shayarwa mai ƙofa, banɗaki daban, motar dare, kayan kariya da suka dace da jikin mace da hijabinta inda injin ba zai kama ba, da tallata kowane gurbin ƙarin girma a allon sanarwa.

7. A yi lissafin kuɗi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Amsar farko da za a ji ita ce babu kuɗi, kuma lamba ce kaɗai ke karya ta. Ga misali na ƙirƙira don a ga yadda ake yi: wurin aiki mai ma'aikata 200, matsakaicin albashi naira 100,000 a wata, wato naira miliyan 240 a shekara. A ce mata 6 ke haihuwa a shekara. Wata uku a rabin albashi naira 150,000 ne ga kowace, wata huɗu a cikakken albashi kuma 400,000, bambancin 250,000, sau shida ya zama miliyan 1.5. Idan aka ƙara 600,000 na masu riƙon gurbi a ƙarin watan, jimilla miliyan 2.1, abin da bai kai kashi 1 cikin 100 na albashin shekara ba. Kowane reshe ya sa nasa alƙaluman daga ƙidayar mataki na farko da rajistar hutun shekarun baya.

Gargaɗi: kada a rage adadin masu haihuwa don lissafi ya yi kyau. Sashen ma'aikata yana da ainihin rajistar, kuma lamba ɗaya ta ƙarya tana zubar da sauran.

8. A tsare buƙatun a daren ƙarshe

A nan ne aikin watanni yake lalacewa. Idan tattaunawa ta kai gargara, kowa ya gaji, hukuma takan ce za ta ƙara wani abu a albashi muddin aka ajiye "sauran ƙananan batutuwa" zuwa wani lokaci, kuma sauran batutuwan nan kusan kullum na mata ne. Maganin wannan tun kafin a fita ake haɗa shi. Babban taron reshe ya zartar, a rubuce, cewa buƙatu kaza biyu ba a janye su sai an dawo gare shi, ta yadda jagoran tawaga zai iya cewa hannunsa a ɗaure yake. A nemi a fara da sassan da ba su cin kuɗi sosai, kamar na cin zarafi da tallata gurabe, a sa musu hannu ɗaya bayan ɗaya kafin a shiga maganar albashi. A kuma raba gabatarwa, namiji ya kare hutun haihuwa, mace ta kare ƙarin albashi, don kada ɗaya ɓangaren ya gane inda zai sa wuƙa.

Idan dole sai an sassauta, a sassauta a lokaci, kada a sassauta a asali: hutun haihuwa na makonni 14 bana, 16 baɗi, da ranar farawa a rubuce. Kada a karɓi "za a kafa kwamiti ya duba" sai da sunayen kujeru da ranar miƙa rahoto.

9. Bayan sa hannu

A kai kwafi uku na yarjejeniyar ga Ministan Ƙwadago kamar yadda Dokar Rikicin Ma'aikata ta tanada. A kamfani, a tabbatar an shigar da sassan cikin littafin ƙa'idojin aiki kuma takardar ɗaukar kowane ma'aikaci ta ambace su, domin hakan yana sauƙaƙa wa mutum ɗaya neman haƙƙinsa a kotu. A aikin gwamnati kuwa, akawun da ke lissafin albashi ba ya aiki da yarjejeniya sai ya ga takardar umarni daga ofishin Shugaban Ma'aikata, don haka a bi ta har ta fito da lamba da kwanan wata.

A fassara sassan zuwa Hausa a shafi ɗaya, a liƙa, a kuma karanta su da murya a tura ta WhatsApp saboda waɗanda karatu ke yi wa wuya. Kwamitin mata ya buɗe rajista: wa ta tafi hutu, nawa aka biya ta, ina aka mayar da ita, ƙorafi nawa ya shigo kuma kwana nawa ya ɗauka. Ƙarar farko da ta taso a bi ta har ƙarshe ta matakan da aka rubuta, daga wakilin sashe zuwa kwamitin haɗin gwiwa, zuwa mai shiga tsakani na ma'aikatar ƙwadago, zuwa kotu idan ta kama, domin daga ita hukuma za ta auna ko ƙungiya da gaske take. Bayan wata goma sha biyu a sake cika jadawalin mataki na farko, a ajiye shi gefen na bara, a gabatar da su biyun a taron reshe kafin a fara rubuta buƙatun zagaye na gaba.